Gammon Kafaɗar Hagu

A garinmu Roccalvento ba sai an gaya maka su wane ne masu ɗaukar Waliyyi ba. Ka jira zafi ya shigo, maza su fito dandali da singileti, sai ka bi kafaɗu da kallo. Duk wanda ka gani da ƙululu kamar rabin lemo a gefen wuya, to yana cikinsu. Na Ermete Baldelli a hagu yake, kuma ya fi na kowa girma. Tela ma ya daina tambayarsa tun da daɗewa, yana dai ƙara masa yadi a wannan gefen.

Sana'ar Ermete dako ce. Yana da tsohon keke mai ƙafa uku da yake ɗora akwatunan baƙi daga filin ajiye motoci na gindin tudu zuwa ƙofar gari, daga nan kuma sai a kafaɗa, don matakalarmu ba ta san taya ba. Ya yi gashi baƙi a wannan aiki, ya yi furfura a cikinsa. Saboda haka babu wanda ya kai shi sanin iyalan da ke zuwa hutu. Kafin su iso wurinmu sun riga sun taka Roma, sun sha layi a Firenze, sun ƙone a Siena. Miji na gaba da waya yana neman hanya a garin da hanyarsa ɗaya ce, mata na baya ƙafa ta kumbura, yara na kukan abin sanyi. Masu gajeren wando yake kiransu. Ba ya ƙinsu, don da su ya ciyar da gidansa, amma bai taɓa ɗaukarsu cikakkun mutane ba. A ganinsa wanda zai tsaya ya ɗauki hoton ƙofar gidanka bai tambayi wa ke ciki ba, yaro ne ko da ya yi gemu.

Abu ɗaya ne Ermete yake taƙama da shi a duniya, kuma ba dakon ba ne. Kowace Lahadin ƙarshe ta Agusta ana fito da mutum-mutumin Waliyyi Savino daga cocin kan dutse, a bisa gadon katako mai dogayen sanduna biyu, a gangara da shi har marmaro a dawo. Kowane gurbi a ƙarƙashin sandunan nan na wani gida ne. Na gidan Baldelli shi ne na baya ta hagu, wanda ya fi kowanne azaba, don idan aka juyo hawa duk nauyin kan na baya yake komawa. Kakansa ya riƙe shi, ubansa ya riƙe, shi ma ya karɓa tun bai fara aski ba.

Dokar abin kowa ya san ta. Shekarar da uba ya sauka, dole jininsa ya shiga gurbin a shekarar, in ba haka ba gurbin ya koma wani gida, kuma ba ya dawowa. Sannan uba ba ya roƙon ɗansa da baki. Ranar jajibiri, lokacin abincin rana, sai ya ɗora gammon kafaɗarsa a kan farantin ɗan. In ɗan ya ɗauka, ya karɓa ke nan. In ya bar shi a nan, uwa ta zo ta ɗauke ta zuba abinci, a ci a tashi ba wanda ya ce uffan. An yi haka ne don kada uba ya ji a'a daga bakin ɗansa. Kakanninmu sun san zuciyar maza, sun yi mata rumfa.

A zagayen Waliyyi na wata shekara ne gwiwa ta ci amanar Ermete. Ana hawowa, daidai kwanar gidan burodi, sai ƙafarsa ta lanƙwashe. Waliyyi ya karkata har rawaninsa na azurfa ya kusa taɓa bango, mata suka sa ihu. An dai tare, ba a faɗi ba. Washegari Osvaldo, shugaban masu ɗauka, wanda tare suka yi makaranta kuma tun lokacin ba su daina tsokanar juna ba, ya same shi yana gyaran keke.

"Ermete, ka gama."

"Dutse na taka."

"Dutsen nan tun zamanin kakanka yake wurin. Kai ne ka tsufa, ba shi ba. Baɗi ka kawo mini ɗanka, in ba haka ba surukina ya shiga. Ya daɗe yana jira."

"Wannan mai gyaran famfon? Mutumin gindin tudu? Ko tulun giya ba zai hau da shi nan ba."

"To kawo naka mu gani."

Nasa kuwa yana Jamus. Valerio, ɗansu ɗaya tilo, ya tafi tun yana da shekara ashirin, ya zama injiniya a kamfanin motoci, ya auri Bajamushiya mai suna Heike, sun haifi 'yan mata biyu. Yana kira a waya kowace Lahadi, yana aiko da kaya masu kyau da Kirsimeti, amma zuwa sai an daɗe. Ermete ya shafe damuna da hunturu yana juya maganar a ransa, bai faɗa wa kowa ba sai matarsa Zelinda.

Ana nan cikin bazara Valerio ya kira ya ce za su zo hutu a Agusta. Yaran sun girma ba su san ƙasar ubansu ba. Za su fara da Roma, su bi ta Firenze, su zaga garuruwan kan tudu, su ƙare a gida. Da ya faɗi ranar isowarsu, Ermete ya ajiye cokali. Juma'ar kafin zagaye ce.

"Kin ji ko? Yaron nan ya san abin da yake yi."

"Ka faɗa masa a waya, tsoho," in ji Zelinda.

"Ba a faɗa."

"Ba a faɗa wa ɗan da ke kwana ƙarƙashin rufinka. Wannan yana bayan duwatsu, yana cin dankali. Buɗe baki ka yi masa magana."

"Ubana bai yi mini magana ba."

"Ubanka ko ni bai taɓa yi wa magana ba, har ya mutu. Shi za ka kwaikwaya?"

Bai saurare ta ba. Da ma Ermete irin mutanen nan ne da in sun riƙe abu sai ka ce da ƙusa aka kafe su. Ya fito da gammon daga akwati, tsohon yadi cike da gashin tumaki, wanda gumin mutum uku ya mai da shi baƙi ƙirin, ya sa Zelinda ta ɗinke inda ya ɓarke. Ita kuma ta shafe ɗakin Valerio da farar ƙasa, ta shanya katifu, ta kiwata zomaye biyu.

Ranar Juma'a Ermete ya sauka gindin tudu tun da hantsi, ya ƙi ɗaukar kayan kowa. Can wata motar haya ta shigo, wani ƙaton mutum ya fito daga ciki, hular kwando a kai, waya a hannu, cinyoyi farare fat a waje. Sai da ya ce "Baba!" sannan Ermete ya yarda. Ya rungume shi, kuma yana cikin rungumar ya laluba kafaɗunsa kamar mai sayen alfadari. Akwai nama, akwai faɗi. Zuciyarsa ta yi sanyi, ya yafe wandon.

Da ya gama ɗaure akwatuna a keke ne Valerio ya ce masa ba gida za a kai ba. Sun kama ɗaki a masaukin tsohon gidan sufaye, mai na'urar sanyi, don Heike ba ta iya barci a zafi. Haka Ermete ya wuce ta gaban ƙofarsa da akwatin ɗansa a kafaɗa, Zelinda na tsaye da rigar girki, ƙamshin farar ƙasa na fitowa ta taga. Ta sumbaci jikokinta ta koma ciki, aka ji tukwane suna ƙara fiye da kima.

Ranar Asabar kowa ya hallara a tebur. Heike mace ce mai kirki, wannan ba na musu, tana yabon komai da 'yar Italiyancin da ta koya. Yaran na nuna wa kakarsu hotunan hasumiyoyi da gadoji. Zelinda ta ɗauko tukunyar taliya, Ermete ya ɗaga mata hannu. Ya tashi, ya shiga ɗaki, ya dawo ya ɗora gammon a farantin Valerio, ya koma ya zauna yana kallon burodi.

Valerio ya dubi gammon. Ya dubi uwarsa. Babbar yarinyar ta ɗago kai daga waya. Sannan ya sa hannu ya ɗauka.

"Mene ne wannan?" in ji Heike.

"Na kakana ne. Da shi ake tare kafaɗa."

"Kai, da hannu aka ɗinka! Mu gani."

Ya miƙa mata. Ta matsa shi, ta kara a wuya tana dariya, ta ce ga maganin ciwon wuyan da mota ta sa mata tun daga Roma, ta tura shi cikin jakarta. Zelinda ta ga wannan duka. Ermete kuwa bai ga komai ba bayan hannun da ya ɗauka, don idonsa ya riga ya cika da ruwa. Ya ci taliya faranti biyu, ya ci zomo, ya tilasta wa kowa ƙari.

Ana tashi ya nufi dandali, ƙafar da ke ciwo ma ta manta da ciwo.

"Osvaldo! Gaya wa surukinka ya koma ya gyara famfo. Ya ɗauka!"

"Wa? Mai gajeren wandon da ka hawo da kayansa jiya?"

"Da hannunsa, a gaban uwarsa."

"Kafaɗar ofis ce fa. Kafin marmaro zai nemi asibiti."

"Kafaɗar Baldelli ce. Ku kawo wa kowa kofi, ni zan biya!"

Kafin yamma ba gidan da bai ji ba. Da ya dawo Zelinda ta tare shi a bakin ƙofa ta ce, "Ermete, a jakar matarsa gammon yake." Ya ce to ina za a sa shi, a aljihu? Ta buɗe baki za ta ƙara, ta ga fuskarsa, ta fasa. Ta ɗauko farar riga da jar ɗamara ta goge su, tana yi tana cije leɓe.

Da safiyar Lahadi Valerio ya leƙo a gurguje, makullin mota a hannu. Suna da tikitin shiga wani babban coci a Orvieto, tun watanni suka saya, ba a ɗagawa.

"Yau ne fa," in ji Ermete.

"Na sani, Baba. Kafin a buga ƙararrawa mun dawo."

"Ka ci abinci mai nauyi. Kada ka sha ruwa da yawa. In an juyo hawa, ka sa ƙafar hagu gaba."

"To, Baba."

Rana ta karkata, ƙararrawa ta fara. Gari ya cika maƙil, namu da baƙi, har kan katangu. A ƙofar coci maza suka jeru cikin fararen riguna, kowa da gammonsa, kowa ya tsaya a gurbin gidansu. Na baya ta hagu kaɗai ne babu kowa. Ermete na tsaye kusa da shi, rigar ɗansa a ninke a hannu, yana leƙen gangare. Masu busa suka gama waƙa suka sake ta daga farko. Limamin coci ya fito ya koma, ya sake fitowa. Osvaldo ya yi ta ƙirƙiro dalili, ya ce a duba igiya, a gyara furanni, a sake duba igiya. Duk bakinsa, ranar ya yi wa abokinsa kara iya kara. A ƙarshe ya matso kusa, murya ƙasa ƙasa.

"Ba zan iya tsayar da Waliyyi ba, Ermete."

"Yana hanya. Ka san cunkoson Orvieto."

"Na sani. Amma rana za ta faɗi."

"To ni zan shiga. In ya iso a marmaro sai mu yi musaya."

Ya sunkuya zai sa kafaɗa ba gammo. Osvaldo ya riƙe shi da hannu biyu.

"Bara ka kusa kayar da shi a kan matan gari. Don Allah kada ka sa in ture ka a gaban mutane."

Ermete ya miƙe a hankali ya ja da baya. Osvaldo ya yi alama da kai, surukinsa ya fito daga cikin taro da sabon gammon soso na kanti, ya shige gurbin. Aka yi kira, aka ɗaga, Waliyyi ya tashi. Da wannan ɗagawar gurbin ya bar gidan Baldelli, kuma duk wanda ke wurin ya san haka. Ermete ya bi baya cikin mata da tsofaffi, inda bai taɓa tsayawa ba a rayuwarsa. Sai ranar ya ga yadda bayan Waliyyi yake daga nesa.

Har aka kai marmaro yana waiwaye. A ransa yana zagin hanya, yana zagin motar haya, har ya fara tsoron ko haɗari suka yi, ya yi addu'a Allah ya sa ba haka ba ne, gurbi ya tafi in dai yaron na lafiya. Aka juyo hawa. Mai gyaran famfo ya jiƙe sharkaf, amma bai lanƙwashe ba.

A kwanar gidan burodi, inda hanya ta ƙuntata taro ya tsaya cik, a nan ya gan su. Suna zaune a kan katangar da ta fi kowace kyawun kallo, wadda sai wanda ya zo da wuri yake samu. Yaran na lasar abin sanyi. Heike na ɗaga masa hannu da murna, gammon rataye a wuyanta. Valerio na tsaye, waya a sama, yana yi wa wasu mutanen Milano da ke gefensa bayani, kuma da yake taro ya yi shiru don masu ɗauka su ji kira, muryarsa ta iso ras.

"Kun ga na baya ta hagu? Shi ya fi wuya. Gurbin gidanmu ne, tun uban kakana."

Har da alfahari a muryar. Mutanen Milano suka jinjina kai suka juya wayoyinsu wajen mai gyaran famfo. Zelinda ta kama hannun mijinta ta matse, suka wuce.

Ranar Litinin Ermete ne ya sauko musu da akwatuna, don aikinsa ne, kuma ba zai bar wani ya ɗauki kayan ɗansa a ce Baldelli ya yi fushi ba. A filin motoci, Heike da yara sun shiga, Valerio ya tsaya yana wasa da makulli.

"Baba."

Ermete ya ci gaba da kwance igiya.

"Baba, na san abin da gammon yake nufi. Ban manta ba."

"To me ya sa ka ɗauka?"

"Da na bar shi a faranti, Mama ta ɗauke, da ba ka ƙara yi mini magana ba har mu tafi. Yaran sun daɗe ba su gan ka ba. So nake mu ci abinci lafiya." Ya share gumi. "Ko da na ɗauka bana, baɗi fa? Kowace shekara zan baro Jamus saboda sanda? Hutu muka zo, Baba."

Ermete ya daɗe yana kallonsa. Da yaron ya ce ya manta, da ya sami abin riƙewa, ya ce Jamus ce ta cinye shi. Amma bai manta ba. Ya tuna sarai, ya auna, ya ga abincin rana ɗaya cikin kwanciyar hankali ya fi.

"An yi maka hanyar cewa a'a ba tare da ka buɗe baki ba," ya ce. "Ita ma ka kasa."

Valerio ya leƙa mota ya yi magana da Jamusanci, Heike ta ciro gammon da sauri, fuskarta ta yi ja, tana ba da haƙuri. Valerio ya miƙo masa. Ermete bai karɓa ba.

"In tare me da shi? Ku riƙe. Wuyanta na ciwo."

Suka tafi, saura Pisa a gabansu kafin jirgi.

Ermete ya ƙara wasu shekaru yana dako kafin gwiwar ta zaunar da shi gaba ɗaya. Valerio bai fasa kira ranar Lahadi ba, shi ma bai fasa amsawa ba, suna maganar ruwan sama da zaitun. Osvaldo ya daina tsokanarsa, abin da ya fi tsokanar ciwo. Ermete yana nan da ransa, kullum yana dandali a kujerar da ke kusa da famfo. Sai dai tun daga wannan shekarar ba a sake ganinsa da singileti ba. A tsakiyar Agusta, lokacin da duwatsun gari ke ƙona tafin ƙafa, za ka same shi cikin kwat mai kauri, maɓalli har wuya, gumi na zuba. Baƙi kan ɗauke shi hoto, suna cewa ga dattijon gargajiya. Kwat ɗin dai ba ta ɓoye komai ba, kafaɗar hagu har gobe ta fi ta dama tudu.